Abba, Ina Littafin Zanenka?

Mahaifiyarka ta ce tun babbar salla ba ka ƙara taɓa fensir ba, kullum kana majalisa a bakin Plaza, kai a sunkuye kan waya. Abin ya tsaya mini a rai.

Nasiha uku na shirya maka, amma bari in fara da Wale Adenuga. Kasuwanci ya karanta a Jami'ar Legas, ba zane ba. A 1976 ya fito da Ikebe Super, mujallar barkwanci cikin zane da Turancin buroka, inda aka san Papa Ajasco mai sanƙo da Boy Alinco. Lokacin ina yaron tela a Fagge. In an aike ni Sabon Gari sayen zare, sai in maƙale wajen mai jarida a Bata ina leƙen shafuka har ya kore ni. Akwai batsa a ciki, Allah Ya yafe mana, ban ce ka kwaikwayi wannan ba. Naciyarsa nake nuna maka. Ya ƙara da Super Story da Binta ta yara, da harkar mujalla ta ja baya kuma ya kwashi mutanensa ya kai su talabijin. Kakarka ba ta jin Turanci, amma ta san sanƙon Papa Ajasco.

Ni ma na gwada. A bayan littafin awo na ƙirƙiri wani tela, Malam Gobe, wanda ba ya cika alkawari. Ranar jajibirin salla na zana shi ɓoye ƙarƙashin keke, masu kaya sun cika ƙofa. Maigidana ya gani, ya ɗauka da shi nake, ya yage shafukan ya hura gawayin dutsen guga da su. Ban sake zana komai ba sai wuyan riga. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya, har gobe in na ga tela yana rantsuwa sai Malam Gobe ya faɗo mini.

Kai wa ya yaga naka? Ba kowa. Kada ma ka fake da maganar zanen mai rai. In ita ce damuwarka, ga malaminku na Islamiyya, je ka tambaye shi. Ni dai lalaci na gani.

Ran Juma'a in an sauko, ka biyo ta shago da littafin. Sauran nasiha biyun sai ka zo.

Kawunka.