Darasi na 9: Tsuntsu Yana Magana da Gashinsa

Ɗalibi, idan ana kiwon tantabaru a gidanku, ka fita da sassafe a watan Janairu, lokacin da hunturu ya sauka a Bauchi. Za ka tarar sun tayar da gashi sun zama kamar ƙwallo. Kada ka tsorata. Zafin jikin tsuntsu ya kai digiri 40 ko fiye, kuma iskar da ke maƙalewa tsakanin gashin ita ce bargonsa.

Haka kuma, in ya gama gyara gashinsa da baki, yakan tayar da shi, ya girgije, sannan ya kwantar. Wannan lafiya ce.

Akwai wani ɗan aku mai suna kokatil, asalinsa daga Ostireliya, wanda ya fi tantabara sauƙin fahimta domin yana da tukku. In tukkun ya miƙe tsaye, wani abu ya ja hankalinsa ko ya firgita shi. In ya kwanta a kansa sarai, yana huci, to fushi ne. Janye hannunka, don zai yi cizo.

Amma ga inda masu kiwo da yawa suke yin sakaci. Rana ta yi zafi, tsuntsu yana takure a ƙasan keji, gashi a tashe, ido a lumshe, ya ƙi taɓa gero. Wannan ba sanyi ba ne. Tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, sai abin ya yi nisa yake nunawa. Ka ware shi daga sauran, ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Aiki: Kalli tsuntsu ɗaya da safe da kuma bayan azahar. Rubuta jimloli biyar a kan bambancin da ka gani.