Danne Ɓacin Rai Yana Da Lokacinsa, Fitar Da Shi Ma Haka

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen taimakon gaggawa, kuma kula da sababbin ma'aikata yana cikin aikina. Kusan dukansu kan zo da tunanin cewa gwanin ma'aikaci shi ne wanda ba a taɓa ganin komai a fuskarsa.

Da ƙamshin gaskiya a ciki. In an shigo da wanda ya yi haɗarin mota, jini na zuba, 'yan'uwa na kururuwa, wani har da zagi, to ba lokacin kuka ko ramuwa ba ne. Hannun da ke rawa ba ya samun jijiya. A nan dole ki danne. Inda ake samun matsala shi ne a tashi daga aiki a tafi gida da abin a ciki, gobe a ɗora wani a kai. Sannu a hankali barci ya ƙaurace, a riƙa yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili, majinyaci ya koma lambar gado kawai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo.

George Bonanno, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Columbia, ya bi diddigin ɗaliban da suka fara karatu a birnin New York daf da harin 11 ga Satumba 2001. Sakamakon da ya fitar a 2004 ya nuna cewa waɗanda damuwarsu ta fi sauƙi daga baya su ne masu iya yin duka biyun, su ɓoye abin da ke ransu in hali ya buƙata, su kuma bayyana shi in lokacinsa ya zo. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, bai kuwa furta abin da zai saɓa wa Ubangiji ba. Haƙuri bai hana hawaye ba.

Abin da nake koya wa ƙannena a wurin aiki ba shi da yawa. In mun rasa majinyaci, da zarar an samu sarari mukan ɗan zauna, a sha ruwa, kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai. Sai a tambayi kai: wannan abin ina iya gyara shi? In fushin na ƙarewar iskar oksijin ne ko rashin jini a ma'ajiya, kada a haɗiye shi, a rubuta rahoto a kai gaba, don fushin nan yana iya ceton na gobe. In kuwa an yi iya yi rai ya yi halinsa, sai addu'a da barin wa Allah.

Malami a aji, mai shago a kasuwa, direba a tasha, duk haka abin yake.

Wanda ya ga makonni na wucewa ba barci, ba ɗanɗanon abinci, ya je ya ga likita. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, kuma zuwa can ba alamar hauka ba ce. Ku kuma shugabanni a wuraren aiki, don Allah in na ƙasa da ku ya ce ya gaji, ku saurare shi kafin ku kira shi rago.