Duba Inuwarka Kafin Ka Danna: Darasin Haske da Tsarin Hoto

 A wannan fitowar ina so mu tattauna kan abin da kusan kowannenmu yake yi kullum amma ba a taɓa zaunar da mu an koya mana ba, wato ɗaukar hoto da waya. Ni ba ni da sutudiyo, ɗalibi ne kamarku. Abin da zan faɗa kuwa kuskure ne ya koya min shi, kuskuren da har yau in na tuna sai na ji babu daɗi.

Ni ɗan Kafin Dafga ne, a ƙaramar hukumar Ƙaraye. Ranar Ƙaramar Sallar 2023, Juma'a 21 ga Afrilu, bayan an sauko Idi an ci tuwo, kafin a tafi masallacin Juma'a, sai na tara mutanen gidanmu a tsakar gida za mu yi hoto. Wayata sabuwa ce, ina ji da ita. Na jera su cikin rana: Baba Tsoho da farar babbar riga da hula, kakata Iya a gefensa da farin mayafi, yara a gaba. Iya tana ta mita: "Maigidana, yi maza ka sallame mu, ranar nan za ta soya mu." Na danna sau uku na ce shi ke nan. Ko fuskar wayar ba na gani sosai saboda ƙyallin rana.

Iya ta rasu cikin daminar shekarar. Bayan an share makoki, Gwaggo da ke aure a Kano ta ce in turo mata hoton Iya a wanke. Na bincika ko'ina, ban da na katin zaɓe babu wani hotonta sai wannan na Sallah. Da na buɗe shi sai jikina ya yi sanyi. Mayafin ya yi fari fat, fuskar ta yi duhu, idanun kamar ramuka biyu. Na kai wa wani mai wankin hoto a Kano, ya yi ta jujjuya shi a kwamfuta, daga ƙarshe ya ce min, "Ƙanina, ka yi haƙuri. Abin da haske bai rubuta ba, kwamfuta ba za ta karanta ba." Daga baya na gano cewa kalmar da Turawa ke kiran ɗaukar hoto da ita ma daga Girkanci ta samo asali, ma'anarta zane da haske.

Me ya ɓata hoton?

Abu uku ne suka haɗu. Na farko, rana. Ƙaraye tana kusa da digiri 12 a arewa da layin da ya raba duniya biyu. A irin wannan wuri, sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai tsakar ka, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta, da misalin ƙarfe 12:30. Ka ga ke nan na zaɓi mafi munin sa'a a rana mafi muni. Hasken da ya sauko daga bisa goshi da karan hanci yake haskawa, ya bar kwarmin ido da ƙarƙashin hula cikin inuwa.

Na biyu, lissafin kyamara. Kyamara ba ta san wanda kake son gani ba. Tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya ne, sai ta yi ƙoƙarin mayar da shi matsakaici. In fararen kaya suka cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage. To mu da fatarmu take baƙa, kuma ran Sallah farar shadda muke so, fuska ce take biyan bashin.

Na uku, idon mutum yana iya ganin abin da ke cikin rana da wanda ke cikin inuwa a lokaci guda, ƙaramin idon waya kuwa ba ya iya haka sosai. Wurin da ya ƙone da fari ko ya nutse cikin duhu ya tafi ke nan.

Haske: yaushe, daga ina?

Ba ka bukatar wata na'ura don auna haske, inuwarka ta isa. In ta fi ka gajarta, rana ta haura digiri 45, kada ka ɗauki fuska a fili, ku nemi inuwa. In ta ninka tsawonka biyu, to lokaci ya yi. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, kuma a wajenmu kusan miƙewa take yi sama tsaye, shi ya sa hasken safe ba ya daɗewa. Daga fitowar rana zuwa farkon hantsi haske yana da taushi. Da walaha ya yi kaifi, har zuwa bayan azahar. Sai la'asar sakaliya yake komawa launin zuma, irin wanda ke sa bangon ƙasa da jikin rumbu su yi kyau kamar an shafa musu mai.

Bayan lokaci sai ka lura da inda hasken yake fitowa. In rana tana bayanka, tana dukan fuskar mutum kai tsaye, zai yi ta ƙanƙance ido. In ta zo daga gefe, ɓari guda na fuska ya haskaka ɗaya ya ɗan yi inuwa, a nan kamannin mutum suke fitowa, har tsagar fuska da zaren aikin hula. In tana bayan mutumin, siffarsa kawai za ka samu, baƙa. Wannan ma yana da ranarsa. Na gwada shi a madatsar ruwa ta Challawa da ke nan ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992: masunci cikin kwalekwale yana jefa birgi dab da almuru, ruwa ya yi ja a bayansa. Ba a ganin fuskarsa, kuma ba a bukata.

To in biki ya kama da rana tsaka fa? Ai ba za ka ce a ɗaga ɗaurin aure ba. Ka kai mutanen inuwa mai faɗi, kamar gindin bango ko bakin zaure, su fuskanci inda haske yake. Ka guji gindin dalbejiya, domin hasken da ke ratsowa ta ganye yakan yi wa fuska dabbare-dabbare. In gefe guda ya yi duhu da yawa, ka sa yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali a wannan gefen, zai mayar da haske kan fuskar. Sannan ka taɓa fuskar mutumin a allon waya kafin ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga 'yar alamar rana ta fito, ka ja ta sama ko ƙasa har fatar ta fito yadda idonka yake ganinta. Wannan 'yar taɓawar da na san ta a 2023, da hoton Iya ya fi haka.

Kada ka raina tsakar gida. Seydou Keita na Bamako a ƙasar Mali, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948 ya rasu a 2001, yawancin hotunansa da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gidansa, da zanen gado rataye a baya. Yau ana baje su a manyan gidajen nune-nune na duniya.

Yanayin shekara ma yana da nasa. Hazon hunturu tamkar farin ƙyalle ne aka shimfiɗa wa rana: inuwa takan yi laushi, fuska ta yi kyau, amma launi yakan koɗe kuma abin da ke nesa ya ɓace. Don haka a hunturu ka matso kusa, kuma ka riƙa goge idon kyamara da tsumma mai laushi, don ƙura da maiƙon yatsa su ne rabin hotunan da muke zargin waya a kansu. A damina kuwa, bayan an ɗauke ruwa iska ta wanke, lokacin ɗaukar gona da hadari ke nan.

Da dare, fitilar kyamara ba ta da nisa. Ƙa'idar da muka karanta a fizik ce: in nisa ya ninka biyu, hasken da ya isa yakan koma kashi 1 cikin 4, in ya ninka uku, kashi 1 cikin 9. Shi ya sa a hoton biki na gaba yake yin fari kamar fatalwa, na baya kuma ba a ganinsa. Gara ka kashe ta, ka ajiye fitilar sola a gefe, ɗan sama da kan mutum, ka jingina gwiwar hannunka da wani abu don kada wayar ta motsa.

Tsari: me za ka bari, me za ka fitar?

Kafin ka ɗaga waya ka tambayi kanka, hoton mene ne wannan? In amsar ta wuce abu guda, to hoto biyu ne. Da ka samu amsa sai ka matsa da ƙafarka. Jawo hoto da yatsu biyu, a yawancin wayoyinmu, yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi, sai ya fito dishi-dishi.

Sai ka dubi baya. A hoton Sallar nan akwai turken shanya da ya fito daidai tsakar kan Baba Tsoho kamar ƙaho, ga buta, ga akuya rabi. Taku ɗaya zuwa hagu da ya kawar da su. Ka nemi hotunan J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya rasu a 2014. Tun 1968 ya fara ɗaukar kitso da gyaran gashin mata, ya tara kusan 1,000. Bayansu fayau yake, babu abin da zai ɗauke maka ido daga kitson.

A saitin kyamara akwai inda ake kunna layuka huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance, su raba allo gida 9. Ka ɗora idon mutum a kan layin sama, ka ajiye kuka ko rumbu a kan ɗaya daga layukan tsaye maimakon tsakiya. Masu zane sun riga masu hoto sanin wannan. Wani Bature ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta shi tun 1797. Layukan za su taimake ka kuma wajen miƙe inda sama ta haɗu da ƙasa, don babu abin da ya kai ruwan dam ya karkata kamar zai zube muni. Amma shawara ce, ba doka ba. Ƙofar zaure mai ado iri ɗaya dama da hagu, a tsakiya ta fi kyau.

Garinmu cike yake da layukan da ke jan ido. Kunyoyin gona da aka yi wa huɗa, hanyar ƙafa cikin dawa, jerin dammunan gero: ka tsaya inda za su taso daga ƙasan hoton su nufi wurin mutumin. In mutum yana kallon dama, ka bar masa fili a dama. Kada bakin hoto ya yanke shi a wuya ko a gwiwa. Yaro ko dattijon da ke zaune kuwa, ka durƙusa wayar ta yi daidai da idonsa. Da ma tsayawa a kan babba ba tarbiyya ba ce, a hoto ma ba ta da kyau.

Da na koma gida

Hutun Disamba na 2023 na koma Kafin Dafga. Wata la'asar, ana ɗan hazo, na tarar da Baba Tsoho zaune a bakin zaure yana tufkar igiya. Na gaishe shi na ce, "Baba, in ɗauke ka?" Ya harare ni ya ce, "Kai ja'iri, wanda ka yi mana ran Sallah ai ko ni ban gane kaina ba." Na ce a ba ni dama ta biyu. Na roƙe shi ya ɗan juya kafaɗarsa wajen yamma, na kawar da buta, na sa ƙanina ya riƙe farin zane ta ɗaya gefen. Na durƙusa, na taɓa fuskarsa a allo, cikin zauren ya yi duhu a bayansa. Na jira har ya manta da ni ya koma kan igiyarsa, sannan na kira shi, yana ɗagowa na danna.

Da na nuna masa ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka yi wa tsohuwar irin wannan." Ban iya amsawa ba. Wayar dai ita ce wadda na yi hoton Sallah da ita, ban canza komai a jikinta ba.

Ku lura, izini na fara nema. Kada ka ɗauki mutum bai sani ba, balle matan aure da 'yan mata, kuma yardar a ɗauka daban take da yardar a ɗora a Facebook ko WhatsApp.

Ga aikin gida. A wannan makon ka zaɓi abu guda a cikin makaranta, ko bishiya ko abokin ɗakinka, ka ɗauke shi daga wuri guda da ƙarfe 7:00 na safe, da 12:30, da 5:30 na yamma. Ka jera hotunan uku ka duba inda inuwa ta faɗi a kowanne. In an yi hutu kuma ka je gida, kada ka jira Sallah ko biki. Ka nemi tsofaffin gidanku, ka gaishe su, ka roƙe su su zauna maka a bakin zaure da la'asar. Ka wanke hoton a takarda, don waya tana ɓata, tana kuma lalacewa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya.