Nasiha ga Masu Motocin Gas da Masu Taɓa Su

Sana'ata gyaran famfo da nozul na injin gas ce, a kanta na girma, kuma ba al'adar masu wannan sana'a ba ce su bar benci su ɗauki alƙalami. Amma akwai al'amarin da in ya bi ta hannun mutum ya kame bakinsa, shirun nan yakan zama cin amanar jama'a, shi ya sa na ga wajibi ne in bayyana abin da ya sami wani dattijo da iyalinsa, la'alla wani ya ji ya tsira.

A cikin hunturun da ya wuce aka jawo mini wata Hilux mai injin 2KD, ɗaure da igiya a bayan wata motar. Mai ita tsohon hedimasta ne, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen karantar da 'ya'yan jama'a, da aka biya shi kuɗin sallama kuwa sai ya sayar da wata gona ya cika, ya sayi motar 'yar Kwatano, domin babban ɗansa ya riƙa ɗauko riɗi da zoɓo daga kasuwannin Jigawa zuwa Dawanau, ƙaramin kuma ya riƙa binsa ranar da babu karatu. Tun daga 2022, da kuɗin gas ya ninka cikin 'yan watanni, direbobi da yawa suka koma sayen na jarka a bakin hanya saboda ɗan rangwamen da ake yi musu, babban ɗan nan ma bai fita daga cikinsu ba. Gas ɗin jarka kuwa Allah kaɗai ya san tankin da ya kwana a ciki, da ruwa da lakar da ya kwaso, da algus ɗin da aka yi masa kafin ya iso.

Wata rana fitilar da ke nuna ruwa ya taru a filtar gas ta kama. Abin da ake bukata a nan bai wuce a sassauta marfin da ke gindin filta, a danna famfon hannu har ruwan ya zube gas mai tsabta ya biyo ba, aikin da ba ya cin kwabo, ba ya kuma kai tsawon shan shayi. Maimakon haka sai babban ɗan ya tsaya wurin wani mai kiran kansa bakanike, wanda ya dube shi ya ce ai waɗannan fitilu don ƙasar Turai aka yi su, a nan tayar da hankali kawai suke yi, ya sa filaya ya datse wayar, ya karɓi ladansa. Wannan fa tamkar maigidan da maigadinsa ya yi kururuwar ɓarawo ne, shi kuwa ya fito ya ɗaure wa maigadin baki, ya koma ya ci gaba da barci. Ruwa ya cika gindin filta ya haura zuwa famfo, famfon nan kuwa ba shi da wani mai da ke sanyaya gogayyarsa in ban da gas ɗin da yake turawa, saboda haka tsatsa ta kama shi, ya shiga cin kansa yana aika garin ƙarfe cikin rel, wato bututun da ke raba wa nozul gas, da nozul ɗin kansu. Da motar ta fara gardamar tashi da asuba sai aka ɗora laifin a kan sanyi da hita, aka koya wa yaran fesa fetur a bakin iska, suka ɗauki wannan ta'asa a kan dabara ce ta masana.

A hanyar dawowa daga Maigatari ta mutu musu da kaya. Suka samo wani bakaniken, wanda ya yanke hukunci tun bai buɗe bonet ba cewa iska ce ta shiga, ya kwance notunan bututan rel kamar yadda ake yi wa tsofaffin injuna, ya mayar bai ɗaure yadda ya kamata ba. Mota ta tashi tana rawa, warin gas ya cika wurin, sai ya ce da ƙaramin, yaro ɗan shekara goma sha shida, ya sa hannu ya lalubo masa inda ke yoyo, alhali shi yana kan kujera yana taka totur. Yaron ya ce ji ya yi kamar ƙaya ta soke shi a babban yatsa, aka duba ba a ga komai ba sai ɗan ɗigo, ko jini bai fito ba. Da suka iso gida mai kemis ya shafa masa aidin, ya manna filasta, ya ba shi maganin ciwo. A kwana na uku hannu ya kumbura ya fara baƙi, ranar da aka kai shi babban asibiti kuwa likitoci ba su sami abin yi ba sai yanke babban yatsa da manuni na hannun dama, hannun da yake rubuta allonsa da shi, ga shi ya kusa sauka.

Dattijon nan ya zauna a kan bencina yana kallon ina warware famfon, har na nuna masa filta da ruwa mai jan tsatsa a gindinta, da garin ƙarfe yana ƙyalli a tafin hannuna, da fistin na uku wanda nozul mai ɗiga ya narkar masa da kai. Na gaya masa sai an sauya famfo da rel da nozul huɗu da bututansu, an sauke tanki an wanke, sa'an nan a shiga aikin injin kansa, kuɗin da ya tasam ma rabin abin da ya sayi motar. Bai ce uffan a kan kuɗi ba. Ya ce, "Malam, ba motar ce ta zaunar da ni nan ba. Tsakaninka da Allah, abin da ya sami yaron nan ƙaddara ce tsantsa, ko da hannun mutum a ciki?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, babu abin da ke fita daga hukuncin Ubangiji, amma sababinsa jahilci ne da ganganci, mai ganganci kuwa ba ya kuɓuta don ya ambaci ƙaddara."

Ga abin da waɗannan masu datse waya suka ƙi koya. Tun da kamfanin Denso ya fitar da tsarin rel a manyan motocin Hino cikin 1995, Alfa Romeo kuma ta sa shi a ƙaramar mota cikin 1997, injin gas ya zama wani abu dabam da wanda iyayen gidanmu suka koya mana a kansa. Nozul ɗin tsohon injin 5L yana buɗewa ne a ƙasa da bar 200, shi kuwa rel na 2KD yana riƙe da bar 1,350 zuwa 1,600 gwargwadon shekarar ƙirarsa, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da rabi ba, fatar ɗan Adam kuwa bar bakwai ya isa ya huda ta. Gas ɗin da ya shiga ta wannan ɗigo yana bin jijiyoyi har cikin tafin hannu yana kashe nama, tun ciwo bai bayyana ba.

Kada hannu ya kusanci bututu injin na aiki. Da guntun kwali ake neman yoyo. Wanda gas ya huda, a kai shi wurin likitan tiyata a cikin sa'o'i shida, a ce gas ne mai ƙarfi ya shiga, kada a yarda da filasta. Fitila in ta kama, abin da ta gani ake gyarawa, ita ba a taɓa ta.

Masu motoci ma ba zan wanke su ba, domin su ne kasuwar waɗannan mutane. Mutum ya zuba miliyoyi ya sayi mota, sa'an nan ya tsaya yana ciniki da ni a kan filta, yana cewa a sa masa mai sauƙi, ko a wanke tsohuwar da fetur a mayar. In na ƙi ya tafi gaba, bayan watanni ya dawo bisa igiya yana neman in ji tausayinsa. Filtar jabu takarda ce kawai a cikin gwangwani, ba ta tare ruwa, ba ta tare ƙura. Abin da ya halatta mai mota ya yi a ƙofar gidansa ba shi da yawa, amma ya wadatar: ya zubar da ruwan filta ko fitila ba ta kama ba, musamman bayan damina da duk ranar da larura ta sa ya sha na jarka, ya duba baƙin mai da safe, in ya ga yana ƙaruwa maimakon raguwa ya san gas ne ke zuba ciki, ya ajiye motar, ya tsabtace kan batir, domin injin gas ba ya tashi da batir mai rauni, ya sauya filtar iska cikin hunturu, ya daina bubbuga ta a jikin taya. Bayan wannan, duk abin da ke tsakanin famfo da nozul haramun ne gare shi, haramun ne kuma ga duk wanda ba shi da benci da kwamfutar gwaji. Kuma ruwa, ina sake faɗa, ruwa ne ya fi kashe famfo a ƙasar nan.

Ku kuma abokan sana'a, ku sani malaman Malikiyya sun tabbatar da cewa mai sana'a yana lamunce kayan da aka ba shi aiki in suka lalace a hannunsa. In haka hukuncin yake a kan tufa da ƙarfe, ina ga yatsun ɗan mutane? Cewa "ban san wannan injin ba" ba ta rage wa kowa arziki. Wanda ya cire nozul ya mayar da tsohuwar washa ta tagulla, hayaƙi zai bi ta nan ya daskarar da baƙin mai har ya toshe rariyar famfon mai, injin ya ƙone a kan hanya. Wanda ya sa sabon nozul bai shigar da lambarsa a kwamfuta ba, bai gama aiki ba. Masu cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi, ku bari. Bel ɗin taimin 2KD kilomita 150,000 kamfani ya yanka masa, ba a kashe fitilarsa a bar tsohon. Fetur a bakin iska kuwa, ga hita ta yi ja, ba tayar da mota ba ne, fasa ringi ne, wani lokaci har da gobara.

Saura tobo. Wanda ya sha doguwar tafiya da kaya ya bar injin ya yi sulo na minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, domin mai ya sanyaya shi. In kuwa tobo ya lalace ya fara tura baƙin mai cikin injin, akwai ranar da injin zai kama shan man nan yana ƙara gudu da kansa, farin hayaƙi ya turnuƙe, a zare makulli ya ƙi mutuwa. A wannan hali a taka birki da ƙarfi, a sa giya mafi girma a saki kulochi, ko a toshe bakin iska da faffaɗan katako. Ba da tsumma ba, ba kuma da tafin hannu ba. In duka biyun sun gagara, a janye yara, kowa ya yi nisa da motar.