Idan Agogon Na'ura Ya Riƙa Saɓawa: Shawarwari Shida

Agogon da ya tsaya cak ba shi da wuyar sha'ani. Mai ɗaure kai shi ne wanda yau yana daidai, gobe ya zarce da awa ɗaya, jibi ya dawo hanya. A waya ne, ko kwamfuta, ko kyamarar tsaro, yawan tazarar shi ke nuna inda matsalar take.

1. Kada a yi gaggawar saitawa. Duk sanda abin ya faru, a rubuta lokacin da na'urar ta nuna, da lokacin gaskiya, da abin da ya gabata: an ɗauke wuta ne, ko an sake kunna ta? Cikin mako guda za a ga yadda abin yake tafiya.

2. Idan tazarar awa ɗaya ce ko biyu cif, a duba yankin lokaci. Najeriya da Nijar suna gaban Ghana da awa ɗaya, Saudiyya kuma tana gabansu da awa biyu. Alhajin da ya dawo wayarsa na kan lokacin Makka zai ji ƙararrawar asuba tun tsakar dare.

3. Idan 'yan uwa a Landan sun ce an saɓa lokacin kira, ba laifin waya ba ne. Ingila tana sauya agogo a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, mu kuwa ba ma sauyawa.

4. Idan bayan an ɗauke wuta kwamfuta ta koma wata tsohuwar shekara, ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu. Yawanci CR2032 ne, mai kama da kwabo. Kafin a canza shi, shafukan intanet da yawa za su ƙi buɗewa.

5. Idan mintuna ne ke ƙaruwa a hankali, a kunna saitin karɓar lokaci daga intanet, musamman gab da azumi.

6. Ga yaran gida masu koyon rubuta manhaja: a ajiye lokaci da UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, sai wajen nunawa a mayar da shi na gida. A Python, a auna tsawon aiki da time.monotonic(), domin time.time() yana iya ja da baya idan na'ura ta gyara agogonta. A kuma tabbatar ko daƙiƙoƙi ake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairun 1970, ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kamar yadda JavaScript ke yi.