Pil da Wasiƙar da Ta Haife Shi

Ɗan'uwa mai karatu, ɗauki pil ɗin cocilarka ko na rediyonka ka duba jikinsa. Za ka ga an rubuta 1,5 V. To, wannan harafi V farkon sunan wani mutum ne. Sunansa Alessandro Volta. An haife shi a garin Komo, cikin ƙasar Italiya, a shekarar 1745.

Rigimar ta taso ne daga kwaɗo. Wani likita mai suna Galvani ya lura idan aka taɓa ƙafar mataccen kwaɗo da ƙarfe iri biyu, sai ta motsa kamar tana da rai. A 1791 ya buga littafi, ya ce wutar cikin jikin kwaɗon take. Volta ya sake gwadawa, ya ce a'a, ba haka ba ne. Wutar daga haɗuwar ƙarafan take fitowa, kwaɗo dai jiƙa hanya ya yi. Aka yi shekaru ana gardama.

Volta bai tsaya ga cacar baki ba. Ya samo faifan jan ƙarfe da faifan tutiya, ƙanana kamar dala. Ya jiƙa kwali da ruwan gishiri. Ya aza jan ƙarfe, ya aza tutiya, ya aza kwali, ya sake, ya yi ta jerawa har suka yi tsibi. Da ya taɓa sama da ƙasa da jiƙaƙƙen hannu, sai ya ji fizga. Ga wuta, babu kwaɗo! Kuma ba irin ta walƙiya ba mai wucewa nan take, wannan tana gudana. Faransawa suka kira abin "pile", wato tsibi. Daga nan muka samu kalmar pil. Ƴan'uwanmu na Daura da Kano kuwa batir suke cewa.

Yanzu, ta ƙaƙa muka san duk wannan? Ta takarda. Ran 20 ga Maris 1800, Volta ya rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ga shugaban ƙungiyar masana ta Landan, Joseph Banks. Ya bayyana yadda ya yi, dalla-dalla, har da zane. Aka buga ta, masana suka karanta, kowa ya jera nasa tsibin. A 1801 ya je Paris ya nuna abin gaban Napoleon.

A 1899 mutanen Komo suka shirya babban nuni don tunawa da shi. Gobara ta tashi, ta cinye kayan aikinsa da yawa. Amma abin da ya rubuta ya riga ya bazu, ba wutar da za ta iya cinye shi duka. Takardunsa na hannu suna ajiye a birnin Milano. Wasiƙun irin waɗannan mutane, idan suka fito kasuwa, gwanjonsu ake yi, masu kuɗi na rububi. Ni dai a ganina ɗakin ajiya na jama'a ya fi dacewa da su, inda ɗalibi zai iya zuwa ya gani.

Mu ma muna da namu. A Yamai, cibiyar bincike ta IRSH tana riƙe da dubban tsofaffin takardu na Larabci da ajami, tarin da marigayi Bubu Hama ya soma. Nan Matamaye ma, cikin adakar tsofaffi, ba a rasa wasiƙar kakanni, ko takardar gona, ko rasit na haraji. Kada ka bari a ƙunsa ƙosai da su. Ranar da rikicin iyakar gona ya taso, takarda mai kwanan wata da sa hannu ta fi rantsuwa goma. Sa su cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da yoyon damina. In baƙo ya zo yana tayi, kada ka yi gaggawa. Nemi wanda ya iya karanta su tukuna.

Aiki: Rubuta sunan takardu uku da ke gidanku, da shekarar da ke jikin kowace. Ka zo da jerin ran Asabar, takardun kuwa ka bar su gida.