Kula da Kaya Ya Fi Ban Cigiya: Yadda Ake Riƙon Kwamfuta

Da malaminmu na Hausa ya ce kowa ya kawo rubutu a kan abin da ya koya lokacin dogon hutu, sai na ga babu abin da ya kamata in rubuta kamar wata hasara da na jawo wa mahaifina, da kuma abin da na koya a cikinta. Ina fata wanda ya karanta ba zai faɗa ramin da na faɗa ba.

Gidanmu a Fagge yake. Mahaifina yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma da yawa daga cikin abokan cinikinsa baƙi ne daga Maraɗi da Damagaram da sauran garuruwa. Sukan ɗauki kaya bashi, su biya in sun dawo. Shekara da shekaru a wani babban littafi mai baƙin bango yake rubuta wanda ya ɗauka da wanda ya biya. Bara ya saya wa yayana kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Da na dawo hutu, sai na dame shi da cewa littafi ya zama tsohon yayi, ya bari in riƙa shigar masa da lissafin a kwamfuta. Da ƙyar ya yarda. Kullum da dare yakan miƙo mini 'yan takardun da ya yi rubutu a kansu a kasuwa, in shigar, in yayyaga su. Haka muka yi har mako shida.

Ran nan ina cikin aiki, na ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno, igiyar caja ta ratsa tsakar ɗaki, sai ƙanena ya shigo da gudu ya yi tuntuɓe da igiyar. Kwamfuta ta faɗo ƙasa tana kunne. Na sake kunna ta, sai wani ƙara ƙas-ƙas-ƙas take yi, allo ya ƙi kawo komai. Washegari muka ɗauke ta, ni da yayana, muka kai wa wani mai gyara a Titin Beirut. Ya kwance ta, ya saurara, ya dube ni ya ce, "Samari, kana da kwafin aikin nan a wani wuri?" Na ce, "A'a, Malam." Ya girgiza kai ya ce rumbun ajiyarta ne ya taɓu. Bayan kwana biyu ya ceto mana waɗansu hotuna da takardun yayana, amma lissafin bashin ya tafi.

Da na faɗa wa Baba, bai buge ni ba, bai kuma ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Littafina ya faɗi ƙasa ba adadi, bai taɓa mance ko sisi ba." Wallahi da bulala ya sa mini da ta fi mini sauƙi.

Sauran kwanakin hutun na riƙa zuwa wurin mai gyaran nan ina zama ina kallo, ina tambaya, na kuma tambayi malaminmu na kwamfuta da muka dawo makaranta. Ga abin da na tattaro.

Ajiye kwafi

Wannan shi ne na farko, kuma ya fi duk sauran muhimmanci. Rumbun ajiya na tsofaffin kwamfutoci wani faifai ne da yake juyawa, a yawancin na tafi-da-gidanka sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan tsinke da yake shawagi dab da shi yana karantawa. In aka girgiza ta ko ta faɗi tana aiki, tsinken yakan karci faifan, abin da ke wurin kuwa ya lalace. Sabon samfuri da ake kira SSD ba shi da abin da yake juyawa, ya fi jure faɗuwa, amma shi ma yakan mutu ba sallama. Saboda haka duk aikin da ka san in ya ɓata za ka yi kuka, ka ajiye shi wuri uku: a cikin kwamfutar, a kan filashi, da kuma a intanet. Google Drive yana ba kowane mai adireshin Gmail wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardu dubbai. Kada kuma a ajiye filashin a jaka ɗaya da kwamfutar, domin ɓarawon da ya ɗauki jaka ya kwashe duka biyu. Iyayenmu sun tuna gobarar da ta ci Kasuwar Sabon Gari a shekarar 2016. Duk wanda littafinsa da kwafinsa suke cikin rumfa ɗaya, wuta ba za ta zaɓi ɗaya ta bar masa ɗaya ba. Haka nan in kana rubutu, ka saba danna Ctrl da S bini-bini don adana abin da ka rubuta, kada ka jira sai ka gama.

Ƙura da zafi

Da mai gyaran ya buɗe tamu, ya nuna mini 'yar fankar da ke ciki. Ƙurar hunturun bara ta dunƙule a jikinta kamar audugar katifa. Kwamfuta tana yin zafi in tana aiki, fankar nan ce take jawo iska ta ƙananan ƙofofin da ke ƙasa ta fitar da zafin ta gefe. In ƙura ta toshe hanya, sai ta riƙa nauyi, fanka ta yi ta ƙugi, wani lokaci ta kashe kanta. Mu kuwa a Kano muna da ƙura a hunturu, ga zafin bazara da yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. To, kada a ɗora ta a kan katifa ko matashi ko darduma mai gashi, don suna toshe ƙofofin. A ɗora ta a kan tebur, ko faifan katako mai faɗi in a ƙasa ake zaune. In an gama a rufe ta, a sa ta a jaka. Kada a bar ta a rana ko a cikin mota rufaffiya. In za a goge ta, a kashe ta, a cire caja, a sa ƙyalle mai laushi busasshe. Ban da ruwa, ban da kananzir. Sau ɗaya a shekara, in hunturu ya wuce, a kai wa mai gyara ya buɗe ya busa. Kuma a nisanta kofin shayi da kunu daga gare ta, domin cokali ɗaya da ya zube tsakanin maɓallai ya isa ya ƙona ta.

Wuta da batir

Kowa ya san yadda wuta take zuwa ta ɗauke a unguwanninmu, wani lokaci ta zo da rauni, wani lokaci da ƙarfi fiye da kima. In an ɗauke wuta, a zare caja daga bango, in an dawo da ita a dakata minti kaɗan kafin a mayar. In janareto ne, a bari ya tashi ya daidaita tukuna. Wanda yake da hali ya sayi sitabilaiza. Mai babbar kwamfuta ta kan tebur, wadda ba ta da batir, yana bukatar na'urar UPS, wadda take riƙe wuta na ɗan lokaci har ya adana aikinsa ya kashe ta yadda ya kamata. Da damina in an fara walƙiya da tsawa, a zare komai. Kada a ari cajar wani don kawai bakinta ya shiga. A duba lambobin da ke jikin cajar da na ƙasan kwamfutar a tabbata sun dace. Batir ba ya son a riƙa ƙarar da shi ƙarƙaf kullum, ba ya kuma son zafi. In aka ga ya kumbura har yana ɗaga maɓallai, a daina amfani da shi nan take, don yana iya kamawa da wuta. Igiyar caja kuwa a bi da ita ta jikin bango. Wannan ni na san kuɗinsa.

Cututtukan kwamfuta

Bairos wata muguwar manhaja ce da waɗansu mutane suke rubutawa don ta ɓata kaya ko ta saci bayani. Hanyar da ta fi kama mu a nan ita ce filashi. Ka kai shi shagon buga takardu, ya shiga kwamfutar da filashi ɗari suka shiga, ka dawo gida ka tarar takardunka duk sun koma 'yan alamomi masu kibiya. Sau da yawa takardun suna nan, ɓoye su aka yi, don haka kada ka danna alamomin, kada kuma ka yi gaggawar share filashin gaba ɗaya. Ka sa manhajar tsaro ta bincike shi tukuna. Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da tasu, mai suna Microsoft Defender, kyauta, muddin ba a kashe ta ba. A guji wasanni da manhajojin sata da ake cewa na banza ne, don sau da yawa da cuta suke tafe.

Mutane da yawa suna kashe sabunta Windows don tsimin data. Wannan arha ce mai tsada. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150, tana kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har waɗansu asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Alhali tun watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da yake toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda suka karɓi gyaran sun tsira.

Kalmar sirri da 'yan damfara

Kalmar sirri ita ce kwaɗon ɗakinka. Mai sa sunansa, ko shekarar haihuwarsa, ko 123456, ya rufe ƙofa ya bar mabuɗi a jiki. A haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, a ƙara lamba, ta yi tsawo, kuma kada a yi amfani da guda ɗaya a ko'ina. In za ka tashi, ko da alwala ce za ka yi, danna maɓallin Windows da L, allo zai kulle. In ka buɗe imel ɗinka a shago ko a ɗakin kwamfuta na makaranta, ka tabbata ka fita daga ciki kafin ka bar kujerar.

Akwai kuma saƙonnin da suke zuwa cewa ka ci kyauta, ko ana raba tallafin karatu, ka danna nan ka cika BVN da lambar katin banki. Ina roƙon iyayenmu su kiyaye: banki ba ya tambayar lambar sirrin kati, ko lambar nan da yake aikowa ta waya, ko ta saƙo ko ta kira. Duk wanda ya tambaya, ko da wace irin murya ya zo, ɓarawo ne.

Ga iyaye masu niyyar saye

Yawancinmu ta hannu ake saya mana, kuma ba laifi ba ne. Amma a je da wanda ya sani. A zare caja a ga ko batirin zai kai rabin awa, a gwada kowane maɓalli, a sa filashi a kowace kafa, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar don gudun kayan sata. A tambaya ko za ta ɗauki Windows 11, domin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun watan Janairu na 2020, ya kuma tsayar da gyaran da yake ba kowa na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wadda ta tsufa ƙwarai, ko da arha, ƙofarta a buɗe take.

Wataƙila mai karatu zai so ya ji yadda aka ƙare da bashin. Baba ya riƙa tuntuɓar mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo daga Maraɗi ya zo da nasa littafin, ya buɗe, ya biya har abin da Baba ya riga ya mance. Waɗansu sun faɗi abin da suka tuna, aka karɓa a haka. Mutum biyu kuwa har yau ba a daidaita da su ba, ɗaya ma ya daina zuwa rumfarmu. Kuɗin da ya salwanta bai dami Baba kamar wannan ba. Yanzu baƙin littafi ya dawo bakin aikinsa, yayana yana shigar da lissafin a kwamfuta duk dare, duk Juma'a kuma ya kwafe a filashi ya ba Umma ta ajiye a akwatinta.

'Yan'uwana, kada labarina ya sa wani ya tsorata da kwamfuta. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kanta ake yi, kuma nan ba da daɗewa ba mu ma za mu zauna a gabanta. Sai mu dage da zuwa ɗakin kwamfuta, mu saba da maɓallai, mu kuma riƙe na makaranta da amana kamar namu, don ƙannenmu na baya su same su da lafiya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin. A nan zan dasa aya.

Daga wani ɗalibin Aji Biyar